Lissafin da wani mai shago ya yi min a Kolon

'Yan uwa masu ɗaukar bidiyo da masu editin a Kano da Kaduna da Maraɗi, ina gaishe ku daga Kolon ta ƙasar Jamus, maƙwabciyar Bon inda sashen Hausa na DW yake. Saƙonninku suna isowa, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: "Yaya, a duba min Core i7 mai gig da yawa, a haɗo da babban rumbu." Da irin wannan saƙon na shiga wani ɗan shagon haɗa kwamfuta, kuɗin wani ƙanena mai ɗaukar biki a aljihuna. Mai shagon dattijo ne, tabarau rataye a wuyansa. Ko kallon kantar kayansa bai yi ba. Ya juya bayan wani tsohon rasit, ya ɗauki biro, ya ce wace kyamara ce, da wane kodek (tsarin matse bidiyo a fayil) take naɗa, kuma awa nawa ake ɗauka a wata. Na buga waya Kano a gabansa aka ba da amsa. Ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya soke abu biyu mafiya tsada a jerin da aka turo min, ya ƙara rumbun ajiya na biyu wanda ba a nema ba, jimillar kuɗin kuma ta sauko. Ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da hannunsa, ba a roƙe shi ba! A gida da an ce ko dai bai iya kasuwa ba ko akwai wata a ƙasa.

Lissafin da ya yi ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Kowace kyamara tana nuna yawan bayanan da take naɗa a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta shi da Mbps. Ka ninka wannan adadin da 0.45, abin da ya fito shi ne gigabayit ɗin da awa ɗaya za ta cinye. Sony A7 III, wadda da yawanku ke riƙe da ita, tana naɗar 4K a kan Mbps 100, wato GB 45 a awa. Panasonic GH5 in an sa ta a Mbps 400, GB 180 ne a awa. Kodek ɗin ProRes 422 HQ na 4K mai firam 25 a daƙiƙa yana kai Mbps 737, kusan GB 332 ke nan a awa guda. To ɗauki biki ɗaya: kamu, ɗaurin aure, dina, kyamara biyu, kowacce ta yi awa shida a Mbps 100. Awa 12 sau 45, GB 540. Wanda ke samun biki huɗu a wata ya tara fiye da TB 2 kafin ya taɓa editin, kuma kwafi ɗaya ne wannan. Mutumin da ya sayi laftof mai rumbun GB 512 yana murna, bikin farko ma ba zai shiga ba.

Sai dattijon ya raba 100 ɗin nan da 8, ya samu MB 12.5 a daƙiƙa, ya ja masa layi biyu a ƙasa. Ma'anarsa, fayil irin wannan ko tsohon rumbu mai juyawa (HDD, mai faifai a ciki) zai iya kawo shi cikin sauƙi. Saboda haka in hoton Sony ɗinka yana sarƙewa a kan layin editin, akasari ba laifin rumbu ba ne. Laifin yana wajen warware kodek. Kodek irin su H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane firam cikakke. Sukan ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuma bambancin da ya shiga kawai ake rubutawa. Duk lokacin da ka ja linzami zuwa tsakiyar shot, dole kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton daga cikakken firam na ƙarshe, a hoto mai ɗigo fiye da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p. ProRes kuwa kowane firam a cike yake: firosesa tana hutawa, rumbu ne ke shan wahala. Kyamara uku na ProRes HQ a jere suna neman kusan MB 280 a daƙiƙa, abin da rumbu mai juyawa guda ɗaya ba zai bayar ba. Kafin ka fitar da ko sisi, ka san wanne daga cikin waɗannan biyun ne ciwonka, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Bari in yi faɗa kaɗan a kan Core i7, firosesar kamfanin Intel. Sunan nan ya fito tun 2008, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya bambanta nesa ba kusa ba. Core i7-4600U da ke cikin laftof ɗin ofis na 2013 ƙwaƙwalwa (core) biyu gare ta kacal. Core i5-12400 tana da shida, i5-13600K tana da 14. Amma a kasuwarmu an riga an sa wa rai cewa 7 ta fi 5, mai saye ba ya karanta lambobin da ke biye, mai sayarwa kuma ba zai tuna masa ba. Lamba ɗaya ko biyu na farko bayan ɗan layin su ne zubin, wato jerin da ta fito a ciki, harafin ƙarshe kuma shi ne halinta: U ta tattalin batir ce, ba ta editin ba, H ko HX su ne na aiki mai nauyi a laftof. Ku ƙara kula yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 a hukumance. Ofisoshin nan suna ta fitar da tsofaffin kwamfutoci, kun kuma san inda gwanjon Turai ke ƙarewa.

Akwai harafi ɗaya da ya fi cutar editoci: F. Firosesar Intel mai F a ƙarshe, kamar 12400F, an kashe mata ɓangaren hoto na ciki, shi ya sa ta ɗan fi araha. 'Yan wasan gem ba ruwansu. Amma a cikin wannan ɓangaren ne Quick Sync, injin Intel na warware bidiyo, yake, shi ne kuma ke warware H.265 mai 10-bit 4:2:2 (mai yalwar bayanan launi), irin wanda Sony FX3 da A7S III da Canon R5 da R6 ke naɗa. Intel daga zubi na 11 zuwa sama na yin sa, haka Apple daga M1. Katunan Nvidia ba su fara warware 4:2:2 ba sai a jerin RTX 50 da suka fito a 2025. Shi ya sa za ka ga mutum da RTX 3080 mai tsada da firosesa mai F, fayil ɗin R6 yana yi masa tafiyar hawainiya, na kusa da shi da ƙaramar Mac yana wucewa sumul. Ɗan abin da aka rage wajen sayen F bai kai baƙin cikin ba.

Katin girafik, abin dubawa shi ne ƙwaƙwalwarsa, wato RAM ɗinsa na kansa (VRAM). DaVinci Resolve, manhajar editin, a kan katin yake jingina gyaran launi da rage hazo-hazon hoton dare, kuma da zarar ƙwaƙwalwar katin ta cika sai ya tsaya cak ya ba ka saƙon kuskure. GB 8 shi ne mafarin 4K, 12 ko 16 ne kwanciyar hankali. Tsohon RTX 3060 mai GB 12 har yanzu yana aiki, RTX 5060 Ti mai GB 16 ya fi shi nesa. Ku sani kuma suna ɗaya a laftof da tebur ba abu ɗaya ba ne: RTX 4090 na tebur GB 24 ne, na laftof 16. RAM kuwa Adobe, kamfanin manhajar editin ta Premiere, da kansa GB 32 ya ba da shawara don 4K. A sa sanda biyu masu GB 16, ba guda mai 32 ba, don su yi aiki ta hanya biyu. A madabod (babban allon cikin kwamfuta) mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu ne daga wajen firosesa. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashewa, a nan ma kuka ake. Allon kallo ba zan daɗe a kansa ba: nau'in IPS, mai cikakken launin sRGB, inci 27, a nesanta shi da taga.

Yanzu ga inda dattijon ya fi cika takardarsa, wato ajiya, kuma nan ne muka fi sakaci. Tsarinsa hawa uku ne. SSD (rumbu marar faifai) na NVMe, nau'in da ake sokawa a madabod, guda, TB 1, na Windows da manhajoji. SSD na biyu, TB 2, na aikin da ke hannu da firoksi (ƙananan kwafin bidiyo na editin) da tarkacen da manhaja ke tarawa. Sai rumbu mai juyawa babba, inci 3.5, don ajiyar dindindin, shi kuma biyu ne ba ɗaya ba. Gudunsu a daƙiƙa: ɗan rumbun aljihu mai juyawa MB 100 zuwa 130, babba na tebur 150 zuwa 250, SSD na SATA 550, NVMe na PCIe 3 kusan 3,500, na PCIe 4 kusan 7,000. Na PCIe 5 ya kai 14,000, kuma shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ya soke. Babu fayil ɗin biki da ke buƙatar wannan gudun, ga zafi, ga tsada.

Lambar da ke jikin kwalin SSD ma ba ita ce duk labarin ba. SSD yana ware wani ɓangare da yake rubutu cikinsa da sauri. In kana zuba fayil na GB ɗaruruwa ɓangaren ya cika, sai ainihin gudunsa ya bayyana. Masu araha na nau'in QLC sukan faɗo har su yi daidai da rumbu mai juyawa, wasu ma ƙasa da haka. Ku nemi nau'in TLC, ku kuma duba TBW, wato jimillar rubutun da kamfani ya lamunce: Samsung 990 Pro da WD Black SN850X masu TB 2 duk TBW 1,200 ne da waranti na shekara biyar. Kada a cika SSD maƙil, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar. A sa masa ɗan ƙarfen sanyayawa da ke zuwa da madabod, a kuma ɓare ledar da ke manne a ƙasansa tukuna, domin in ya haura digiri 70 zuwa 80 shi da kansa yake rage gudu. Wannan a Kolon ke nan. Ku auna da Kano a watan Afrilu, rana tana sama da digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya.

A rumbu mai juyawa tambayar ita ce tsarin jera rubutunsa CMR ne ko SMR. A SMR layukan rubutu a kan juna suke hawa kamar kwanon rufi, in za ka canza ɗaya sai ka ɗaga na kusa da shi. Rubutun farko lafiya lau. Amma in rumbun ya fara cika, ana gogewa ana sake zubawa, gudu yakan faɗi warwas, kwafin awa ɗaya ya koma na yini. A 2020 an yi ta cece-kuce da aka gano wasu WD Red na SMR ne ba tare da an bayyana ba, har kamfanin ya fito da Red Plus don ware na CMR. Seagate IronWolf ma CMR ne. Yawancin 'yan rumbunan aljihu masu TB 2 da 4 da muke so, SMR ne. A nan shafukan kwatanta farashi irin su Geizhals suna da akwatin da za ka danna ya tace maka CMR kaɗai, ka ga farashin kowane terabayit, ka ga yadda farashin ya yi ta hawa da sauka a watannin baya. A gida ka tambayi mai shago CMR ne, ya ce maka "Orijina ne wallahi, Alhaji."

Kebul ma yana cin mutane. SSD na waje irin Samsung T7 yana kai MB 1,000, amma sai da rami mai Gbps 10 da kebul ɗinsa na asali. Kebul ɗin cajin waya, ko da kansa USB-C ne, sau da yawa USB 2.0 ne a ciki, MB 35 zuwa 40. GB 540 na bikin nan ta wannan hanyar kusan awa huɗu ne. Ta rami mai kyau tsakanin SSD biyu, minti tara zuwa goma. Katin kyamara a duba alamar V: V30 na nufin ba zai sauko ƙasa da MB 30 a rubutu ba, ya ishi Mbps 100, Mbps 400 kuwa MB 50 ne, sai V60 ko V90. Katin da ya gaza, kyamara ce za ta katse naɗa ana tsakiyar siga. Sannan tsarin fomat: FAT32 ba ya ɗaukar fayil sama da GB 4. exFAT yana buɗuwa a Windows da Mac, amma ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa, don haka in wuta ta ɗauke ko aka fizge kebul yana saurin rikicewa. Rumbun ajiyar dindindin a sa masa NTFS in Windows ne, APFS in Mac ne. In ka ga TB 1 ya nuna GB 931, ko TB 4 ya nuna 3.63, ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne.

Cuta ta gaskiya ita ce filash ko SSD da aka yi wa ƙaryar girma: yana nuna TB 2, cikinsa GB 32 ko 64 ne. Yana karɓar fayil, sunaye suna bayyana, amma sabo yana hawa kan tsoho ko yana tafiya a banza, ranar da za ka buɗe ka tarar da fanko. Maganinsa daga ƙasar nan ya fito, manhajar H2testw ta mujallar c't da ke Hanoba, kyauta ce. Tana cika rumbun da bayanai har ƙarshe, ta karanto su, ta faɗa maka ainihin girmansa. Tana ɗaukar sa'o'i a babban rumbu. A bar ta ta gama. Kada kuma ku ɗauka Bature ba ya ha'inci. A farkon 2025 mawallafan wannan mujalla suka bankaɗo cewa an sayar wa jama'a da rumbunan Seagate Exos na hannu a matsayin sababbi, wasu sun yi aikin dubban sa'o'i, an mayar da ƙidayar SMART (bayanin aiki da lafiya da rumbu ke ajiyewa game da kansa) sifili. Wata ƙidaya ta biyu mai suna FARM ce ta tona asiri, ana karanta ta da manhajar smartmontools. Saboda haka duk rumbun da ya shigo hannunka, sabo ko na hannu, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga sa'o'in da ya yi a kunne, ka duba lamba 05 da C5. In ɗayansu ya wuce sifili, rumbun ya fara samun gurɓatattun gurabe, kada ka ɗora masa amanar kowa.

Abin da ya bambanta nan da gida ba tsarkin zuciya ba ne, doka ce. Duk sabon kayan da ka saya wajen ɗan kasuwa, yana ɗauke da alhakinsa shekara biyu, ban da warantin kamfani. Tun daga Janairun 2022, in matsala ta bayyana cikin wata 12 na farko ana ɗauka da ita kayan ya zo, mai shago ne zai kawo hujjar akasin haka. In ta intanet ka saya, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Na hannu wajen dillali ana iya rage alhakin zuwa shekara ɗaya. Wanda ya san kaya zai iya dawo masa bayan wata goma, dole ya tambaye ka kodek ɗinka tun farko. Mu kuwa a ƙasan rasit an riga an buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, waranti kuma shi ne a gwada a gabanka, ya kawo haske, a ce Allah ya sa albarka.

Duk da haka kada ku ji kamar aljanna nake ba ku labari. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke ruf. Kebul ya mutu daren Asabar, aiki ya kwana har Litinin. Ba a ciniki, farashin da ke jiki shi ne, ka ce a rage a dube ka kamar ka yi saɓo. Mai kawo saƙo ya ajiye maka rumbu mai juyawa wajen maƙwabci ko a wani kanti can, kwalin duk ya lotse. Wutar lantarki kilowat ɗaya na awa tana tsakanin santi 30 da 40 na Yuro, mai renda (fitar da bidiyon ƙarshe) da dare yana ji a jikinsa. Mafi ciwo shi ne gyara. Ramin caji ya karye a laftof, a ce sai an canza madabod gaba ɗaya, kuɗin aikin hannu kaɗai ya kusa rabin sabuwa. A irin wannan lokacin nakan yi kewar yaran nan na Titin Beirut da Farm Centre, masu madubin ƙara girma da ƙarfen dalma, waɗanda za su ɗaga 'yar ƙwaya ɗaya su maye ta kana zaune a benci kana shan zoɓo, ana hirar ƙwallo. Wannan basirar ba ta da yawa a nan. Abin da muka rasa takardar lissafi ce da rasit mai daraja, ba hannu ba.

Akwai kuma abin da dattijon bai sa a lissafinsa ba, domin bai san shi ba: wuta da ƙura. Kwamfutar tebur mai babban kati tana iya jan wat 400 zuwa 500 lokacin renda. UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ɗin da aka rubuta wa VA 1,500 wat 900 zuwa 1,000 yake bayarwa, ba 1,500 ba, kuma akwatunan wuta na kwamfutocin zamani sun fi jituwa da UPS ko inbata mai tsaftatacciyar igiyar wuta. Masu araha sukan sa kwamfutar ta mutu daidai lokacin sauyawa, lokacin da aka saye su dominsa. A sa istabilaiza a gaba, janareta kuma kada a haɗa shi kai tsaye. Akwatin wutar kwamfuta ya zama na sanannen kamfani, wat 650 zuwa 750, mai shaidar 80 Plus Gold. Wanda ba shi da suna in zai mutu yakan tafi da madabod da rumbu. Gidan kwamfutar ya kasance mai ragar tace ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa, lokacin hunturu a riƙa hure shi duk bayan 'yan makonni, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta. Saboda wannan ne ni a ganina, ga mai ɗaukar biki da ke kan sola, Mac mini mai M4 ta fi babbar kwamfuta dacewa. Ta fito a ƙarshen 2024 da RAM GB 16, iyakar abin da take ja wat 65 ne a ƙididdigar Apple, tana warware H.265 da ProRes da kanta. Aibinta, ba a ƙara mata RAM bayan saye, rumbunta na ciki ƙarami ne, dole a haɗa mata SSD na waje, in kuma ta lalace gyaranta ba na kowa ba ne.

Wanda ba shi da halin sabuwar kwamfuta kada ya karaya, firoksi na nan. Premiere da Resolve duk suna yin sa: ka zaɓi fayilolinka, ka ce a yi musu ƙananan kwafi na ProRes Proxy ko DNxHR LB a 1080p, ka bar su su kwana suna yi. ProRes Proxy na 1080p mai firam 25 kusan GB 17 ne a awa. Da su za ka yi yanka da jeri, wajen fitarwa manhaja ta koma kan asalin 4K. Sharaɗi ɗaya, kada a canza sunan fayil ko a matsar da folda bayan an yi, in ba haka ba sai haɗin ya tsinke. Bidiyon waya da 'yan uwan amarya ke turowa yawanci gudun firam ɗinsa ba tsayayye ba ne, shi ke sa murya ta rabu da baki. A bi da shi ta manhajar HandBrake a daidaita shi kan firam 25 kafin a shigar.

Rumbun nan na biyu da dattijon ya ƙara, shi ne abin da na fi so ku ɗauka. Al'adarmu rumbu ɗaya ne, a aljihun jaka, yana hawa Adaidaita, ana ara wa aboki ya kwashi fim, a cikinsa kuma akwai ɗaurin auren mutane goma. Ranar da ya faɗi sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a sake ɗaura aure don edita ya yi sakaci. Ƙa'idar masu sana'ar a nan kwafi uku ne, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Ba a fomat ɗin katin kyamara sai fayil ya zauna wuri biyu, kuma ba da ja-ka-saki ake kwafin ba. Ana amfani da TeraCopy ko Clone Tool na Resolve, masu auna kowane fayil su tabbatar ya iso daidai. RAID, wato haɗa rumbuna su yi aiki tamkar guda, ba madadin wannan ba ne. RAID 1, mai rubuta abu ɗaya a rumbu biyu, yana ceton ka in rumbu ɗaya ya mutu, amma abin da ka goge bisa kuskure a duka biyun ya goge, tsawa ko ɓarawo kuma tare za su tafi da su. RAID 0, mai raba fayil tsakanin rumbunan, ma ya fi muni, ɗaya ya mutu komai ya tafi. In rumbu ya fara ƙas-ƙas, a kashe shi nan take. Kada a sa shi a firji, kada a buɗe murfinsa a shago, domin ƙura ɗaya tana iya karce faifan. Kowane sake kunnawa yana ƙara ɓarna. Kamfanonin ceto bayanai a nan ɗaruruwan Yuro suke karɓa, wani lokaci fiye da dubu, kuɗin rumbu da yawa ke nan.

Masu son a sayo musu daga nan, ga abin da ya kamata ku sani. Farashin Jamus yana ɗauke da harajin kashi 19 cikin 100. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba zai iya neman a mayar masa in sayayyar ta haura Yuro 50, ya fita da kayan cikin wata uku, kwastan suka buga masa hatimi a filin jirgi. Mu mazauna nan ba mu da wannan damar, don haka gara mai zuwa ziyara ya saya da fasfonsa. Alhakin shekara biyun nan a kan shagon yake, ba zai bi kayan zuwa Kano ba sai in akwai mai dawo da shi, shi ya sa ake gwada komai a nan kafin a ɗaure kaya, a kuma ajiye rasit. Laftof ɗin Jamus madannanta QWERTZ ne, Z da Y sun yi musaya, a nemi mai tsarin Ingila ko Amurka tun wajen oda. Batirin da ya wuce Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgi, batirin da ba a cikin na'ura yake ba kuma ba ya shiga akwatin da ake sawa a ƙasan jirgi. Rumbu mai juyawa a jakar hannu yake tafiya, cikin ledarsa, a naɗe da tufafi. Katin girafik da babbar fankar firosesa a cire su daga kwamfutar a ɗaure daban, don nauyinsu yana karya madabod a hanya. Ƙarfin wuta ɗaya ne, bolt 230, sai dai filogin nan mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Kada a cusa shi a soket ɗinmu da tsinke ko biro. A sayi kebul mai ƙafa uku da fis a ciki, domin ta ƙafa ta ukun ne waya mai zuwa ƙasa take bi.